Tsadar Tsofaffin Wasannin Bidiyo a Kasuwar Gwanjo

1. Gabatarwa

Ran 11 ga watan Yuli, 2021, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions, wanda mazauninsa ya ke birnin Dallas a jihar Texas ta Amurka, ya sayar da kaset guda ɗaya na wasan bidiyo mai suna Super Mario 64 a kan dala 1,560,000. Shi wannan wasa kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ne ya fito da shi a 1996, an kuwa sayar da kusan kwafi miliyan 12 nasa a duniya. Wanda ya ke son tsohon kaset ɗinsa domin ya yi wasa kawai, zai same shi wurin masu sayar da tsofaffin kaya da kuɗin da bai kai dala 100 ba. Abin da ke cikin kaset mai tsadar da abin da ke cikin mai arahar duka ɗaya ne, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Abin da ya raba su shi ne, na farkon yana nan cikin kwalinsa, naɗe da ledar da aka sa masa tun a masana'anta, shekara 25 ba wanda ya buɗe shi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda aka yi abin wasan yara ya kai irin wannan kuɗi. Za a nuna cewa mai saye a irin wannan kasuwa yana biyan kuɗin abu uku ne: ƙarancin kayan, da halin da kayan ke ciki, da kuma shaidar wani na uku wanda ya duba ya tabbatar. Daga cikin ukun nan, shaidar ce ta fi ɗaga farashi, ita ce kuma ta fi jawo gardama.

2. Kalmomin ciniki

Ya kamata a fara da kalmar gwanjo, domin tana da fuska biyu a Hausa. Ma'anarta ta farko ita ce cinikin da a ke yi a bainar jama'a, masu saye suna ƙari bisa tayin juna, har a sallama wa wanda ya fi kowa. Ma'ana ta biyu, wadda ta fi yawo a bakin mutane, ita ce kayan da aka riga aka yi amfani da su, musamman tufafi, waɗanda a ke saye da araha. Saboda haka idan Bahaushe ya ji an ce kayan gwanjo, araha ce ke fara zuwa masa a rai. A cikin wannan maƙala ma'anar farko a ke nufi, ko da ya ke mai karatu zai ga inda ma'anonin biyu suka haɗu a kan abu guda.

Bambancin gwanjo da cinikin kasuwa na yau da kullum yana cikin wanda a ke ja da shi. A kasuwa mai saye ya kan taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja tsakaninsu su biyu har a daidaita. A gwanjo kuwa mai kaya gefe ya ke komawa, masu saye su ja da junansu, saboda haka idan aka sami mutum biyu masu hali waɗanda kowannensu ya ƙi janyewa, farashi ba shi da iyaka sai inda ɗayansu ya gaji. Shi kamfanin gwanjo matsayin dillali ya ke, yana da la'adarsa. A cinikin Super Mario 64 da aka ambata, tayin ƙarshe dala 1,300,000 ne, sauran dala 260,000 la'ada ce ta kashi 20 cikin ɗari da mai saye ya biya a kai. Watau dillali yana da riba ga hauhawar farashi, wannan kuwa abin riƙewa ne saboda abin da zai zo a gaba.

Kaset a nan yana nufin ƙaramin akwati na roba mai ɗauke da wasa a cikinsa, wanda a ke cusawa a na'urar wasa, ita kuma a jona ta da talabijin. Kwali shi ne gidan takarda da a ke sayar da kaset a ciki, tare da ɗan littafin bayani. Hatimi kuwa shi ne abin da masana'anta ta rufe kwalin da shi, ko leda ko 'yar takarda mai danƙo, wanda in an ɓalle shi ba ya komawa yadda ya ke.

3. Asalin kayan

Wasannin bidiyo na gida sun bunƙasa a Amurka ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kamfanin Atari ya fito da na'urarsa a 1977. Kasuwar ta cika da wasanni marasa inganci, har a 1983 ta rushe, kantuna suka rasa yadda za su yi da kayan da ke hannunsu. A cikin wannan shekara ce Nintendo, kamfanin da aka kafa a birnin Kyoto tun 1889 domin yin katin wasa, ya fito da na'urar Famicom a Japan. A watan Oktoba na 1985 ya gwada sayar da ita a birnin New York da sabon suna, Nintendo Entertainment System, wadda a ke taƙaitawa NES. Gwajin ya yi nasara, wasan Super Mario Bros. na Shigeru Miyamoto ya zama jagoran kasuwa, har aka sayar da fiye da kwafi miliyan 40.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan kaya don yara aka yi su. Yaro in aka ba shi kaset, yage ledar ya ke yi nan take, ya jefar da kwalin, ya rubuta sunansa a jikin robar, ya ba abokinsa aro. Ba wanda ya ɗauka a lokacin cewa kwalin zai zo ya fi abin da ke cikinsa daraja. Daga wannan hali na yara ƙarancin da a ke biya a yau ya samo asali.

4. Ƙaranci iri biyu

Ƙarancin da ke sa tsada a wannan kasuwa iri biyu ne, wajibi ne kuwa a rarrabe su.

Na farko shi ne ƙarancin asali, watau abin da tun farko ba a yi shi da yawa ba. Misalinsa wasan Stadium Events, wanda kamfanin Bandai ya fitar a Amurka a 1987 tare da wata shimfiɗa da a ke takawa a yi tsere. Ba a daɗe ba Nintendo ya sayi haƙƙin shimfiɗar, aka janye wasan daga kantuna, aka sake fitar da shi a 1988 da sunan World Class Track Meet. Wasan bai canja ba sai suna da zanen kwali. Mai sabon sunan ya cika gari, ba shi da wata tsada. Mai tsohon sunan kuwa, wanda ba a buɗe ba, ya wuce dala 40,000 a 2017. Haka kuma kaset masu launin zinariya na gasar Nintendo World Championships ta 1990, waɗanda guda 26 kacal aka yi, aka raba su kyauta ta hannun mujallar Nintendo Power.

Misali mafi ban mamaki na wannan iri shi ne na'urar da a ke kira Nintendo PlayStation. Kamfanonin Nintendo da Sony sun yi shirin haɗa na'ura guda mai amfani da kaset da faifai, amma shirin ya watse a 1991, Sony ya kama gabansa ya fito da tasa PlayStation a 1994. Ɗaya daga cikin samfuran gwaji na waccan haɗin gwiwa ta faɗa cikin tarkacen wani kamfani da ya karye a 2009, wani tsohon ma'aikacinsa ya sayi tarin kayan a kan dala 75 ba tare da ya san abin da ke ciki ba. A watan Maris na 2020 aka sayar da ita a Heritage a kan dala 360,000. Ga ma'anonin gwanjo biyu sun haɗu a kan abu guda: an same ta a gwanjon araha, an rabu da ita a gwanjon tsada.

Wani lokaci kuma labarin da ke tattare da kaya ne ke mai da shi abin nema. A 1983 Atari ya binne ɗimbin kaset da suka yi kwantai a jujin garin Alamogordo na jihar New Mexico, cikinsu har da wasan E.T., wanda ya yi ƙaurin suna wajen rashin kyau. Shekaru da yawa wasu suna ɗaukar labarin tatsuniya ce, sai a watan Afrilu na 2014 aka tona jujin aka fito da kimanin kaset 1,300. Hukumar garin ta yi gwanjon kusan 900 daga cikinsu, ta sami fiye da dala 100,000, wani kaset ɗin E.T. guda, a murƙushe, da ƙasa a jikinsa, ya wuce dala 1,500. Irinsa mai tsabta wanda bai taɓa shiga juji ba, 'yan daloli kaɗan ne kuɗinsa.

Iri na biyu shi ne ƙarancin hali, watau abin da aka yi shi da yawa ƙwarai, amma kaɗan ne suka tsira a yadda suka fito daga masana'anta. Manyan farashin da aka ji a 2021 duk na wannan iri ne. Kwafin Super Mario Bros. da aka sayar a watan Afrilu na shekarar a kan dala 660,000, an saye shi ne a 1986 domin kyautar Kirsimeti, aka sa shi a aljihun tebur aka manta, ya kwana nan kusan shekara 35. Mantuwa ce ta ba shi daraja. Har wa yau masu tara irin waɗannan kaya suna bin diddigin ƙananan bambance-bambance na bugu, kamar yadda masu nazarin tsofaffin littattafai ke yi: ko kwalin yana da 'yar kunnen ratayewa a baya, ko da takarda mai danƙo aka rufe shi ko da leda, ko wace alamar kasuwanci ce aka buga kusa da suna. Da waɗannan alamu a ke gane bugun farko daga na baya, tsakaninsu kuwa akwai ratar kuɗi mai yawa.

Bambancin irin biyun yana da muhimmanci. Ƙarancin asali a kan san iyakarsa: an yi 26, ba za su zama 27 ba. Ƙarancin hali kuwa ba wanda ya san iyakarsa, domin ba wanda ya ƙirga aljihunan tebur da ɗakunan ajiya na duniya. Duk lokacin da aka ji labarin babban ciniki, mutane su kan shiga bincike a gidajensu, sababbin kwafi su fito, ƙarancin ya ragu.

5. Masu tantancewa

Kwalin da ba a buɗe ba yana da wata matsala tasa. Mai saye ba zai iya duba cikinsa ba, domin da ya buɗe, darajar ta tafi. Ba zai kuma iya tabbatarwa da idonsa kaɗai cewa ledar ta asali ce ba, tun da akwai masu sake naɗe tsohon kwali su ce sabo ne. Hausawa na cewa ba a cinikin biri a sama, wannan kuwa shi ne cinikin biri a sama tsantsa, sai fa in an sami amintacce wanda zai hau ya gano birin a madadin mai saye.

Wannan gurbi ne kamfanonin tantancewa suka cike. Dabarar daga kasuwar tsofaffin tsabar kuɗi da katunan 'yan wasa da littattafan zane aka aro ta. Kamfanin Video Game Authority ya fara a 2008, yana ba da maki bisa 100. Kamfanin Wata Games ya biyo baya a 2018, yana ba kwali maki bisa 10, ya kuma ba hatimi wani maki dabam da haruffa, daga C har zuwa A++. In an gama dubawa sai a kulle kayan cikin akwatin roba mai haske kamar gilashi, a manna takardar maki a kai. Daga ran nan kaset ɗin ya bar zama abin wasa, ya koma abin ajiya kamar zinariya.

Amfanin maki shi ne ya mai da abin da ido ke gani ya zama lamba. Da, sai wanda ya daɗe a harkar ne zai iya faɗin wannan kwali ya fi wancan. Da zuwan maki, mutumin da bai taɓa riƙe na'urar wasa ba zai iya gane cewa 9.8 ta fi 9.4, ya sa kuɗinsa. Kwafin Super Mario 64 na dala 1,560,000 makinsa 9.8 ne da A++. Irinsa mai maki ƙasa da haka kaɗan, wanda ba kowa ne zai iya bambanta su da ido ba, bai kusanci wannan farashi ba ko kaɗan. Ashe ke nan mafi yawan kuɗin yana kan 'yar takardar da ke manne a jikin akwatin.

6. Hauhawar farashi, 2017 zuwa 2021

Jerin cinikayya na 'yan shekarun nan ya isa ya nuna saurin abin. A 2017 an sayar da rufaffen kwafin Super Mario Bros. a dandalin eBay a kan kimanin dala 30,000, aka yi ta mamaki. A watan Fabrairu na 2019 wani kwafi na bugun gwaji, mai hatimin takarda, ya kai dala 100,150. A watan Yuli na 2020 wani ya kai dala 114,000, a Nuwamba kuma Super Mario Bros. 3 ya kai dala 156,000. A Afrilu na 2021 aka kai dala 660,000. Ran 9 ga Yuli wani bugu na farko-farko na The Legend of Zelda ya kai dala 870,000, bayan kwana biyu Super Mario 64 ya shafe shi. A watan Agusta aka sayar da wani kwafin Super Mario Bros. a kan dala miliyan 2. Shi wannan na ƙarshe ba a gwanjo aka yi cinikinsa ba. Wani kamfani ne mai suna Rally ya saye shi a 2020 a kan dala 140,000, ya karkasa mallakarsa hannun jari ya sayar wa jama'a, sa'an nan wani mai saye da ba a bayyana sunansa ba ya yi tayin duka.

Dalilai da dama ne suka taru. Yaran da suka tashi da NES a shekarun 1980 sun kai shekara 40 zuwa 50, wasunsu sun yi arziki, begen ƙuruciya kuwa abu ne da mutum ke biya ba ya ciniki. Sa'an nan annobar korona ta 2020 ta tsare mutane a gida, kuɗin ruwa na bankuna ya yi ƙasa ƙwarai a Amurka, masu kuɗi suka bazama neman inda za su zuba shi. A daidai lokacin ne katunan 'yan wasa da katunan Pokémon su ma suka yi tashin gwauron zabi. Daɗin daɗawa, kowane sabon farashi ya kan zama labari a jaridu, labarin ya jawo sababbin masu saye, su kuma su kafa wani sabon farashi.

7. Zargi da saukar kasuwa

Ba kowa ne ya gamsu da cewa kasuwar da kanta ta tashi ba. A watan Agusta na 2021 wani mai sharhi ɗan ƙasar Ostareliya, Karl Jobst, ya fitar da dogon bidiyo yana zargin cewa akwai kusanci fiye da kima tsakanin masu tantancewa da masu gwanjo da wasu manyan masu saye. Daga cikin abubuwan da aka yi nuni da su akwai cewa a cikin mutanen da suka haɗa kuɗi suka sayi kwafin nan na dala 100,150 a 2019 har da ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Heritage, kamfanin da a farkon wannan shekara ya fara gwanjon wasannin da Wata ya tantance. An kuma yi ƙorafin cewa a lokacin manyan cinikayyar Wata bai riga ya buga ƙididdigar yawan kwafin da ya ba kowane maki ba, saboda haka mai saye bai san ko abin da ya saya tilo ne ko yana da 'yan'uwa ba. Kamfanonin biyu sun musanta cewa sun yi wani abu na rashin gaskiya. A watan Mayu na 2022 wasu abokan cinikin Wata suka shigar da ƙara a wata kotun tarayya a jihar California, suna zarginsa da hura farashi da kuma jinkirin aiki.

Ko ba a yanke hukunci a kan kowa ba, tsarin kansa yana da rauni a fili. Mai tantancewa ladansa yana ƙaruwa da darajar abin da ya auna, dillali la'adarsa tana ƙaruwa da farashi, mai kaya kuwa ba sai an faɗa ba. Duk waɗanda ke da bakin magana a kan darajar kayan, tashinta ne ribarsu. Mai saye na ƙarshe shi kaɗai ne ke ɗauke da asara in ta sauka.

Ta kuwa sauka. A watan Satumba na 2021, wata biyu kacal bayan cinikin Dallas, wani kwafin Super Mario 64 mai maki iri ɗaya, 9.8 da A++, ya fito a kamfanin gwanjo na Goldin, aka sallama shi a kan kimanin dala 800,000, watau kusan rabi. Fitowar na biyu kaɗai ta isa ta nuna cewa na farkon ba tilo ba ne. Daga 2022, da kuɗin ruwa ya tashi, farashin rufaffun wasanni da yawa ya faɗi ƙasa da abin da aka biya a 2021. Kayan da ƙarancinsu na asali ne sun fi jure wa wannan faɗuwa, domin yawansu sananne ne.

8. Abin da aka adana

Akwai wata tambaya da ta rage, ita ce ko wannan tsada ta taimaka wajen adana tarihin wasannin. Ta wata fuska ta taimaka, domin mutane sun daina zubar da tsofaffin kwalaye, an kuma tattara sani mai yawa game da bugu da bambance-bambancensa. Amma kaset ɗin da ke kulle cikin akwatin roba ba mai wasa da shi, ba mai nazarinsa, ba ma wanda ya san ko yana aiki. Wasu kaset, kamar na The Legend of Zelda, suna da ƙaramin batir a ciki, shi kuwa batir yana mutuwa ko an buɗe kwali ko ba a buɗe ba.

A 2023 gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar da binciken da ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa ta hanyar masu su. Wasannin Mario da Zelda, waɗanda aka biya wa miliyoyi, ba su cikin haɗarin ɓacewa, domin Nintendo ya sha sake fitar da su. Waɗanda ke ɓacewa su ne dubban wasannin ƙananan kamfanoni da ba mai taya su a gwanjo. Aikin adana waɗannan ya faɗa hannun ɗakunan karatu, da gidajen tarihi irin su The Strong da ke birnin Rochester a jihar New York, da masu sa kai da ke kwafe abin da ke cikin kaset kafin ya lalace.

Saboda haka ya kamata mai karatu, in ya ji an ce tsohon wasa ya kai kaza a gwanjo, ya tambayi abu uku: nawa aka yi tun asali, nawa aka san sun tsira a wannan hali, kuma wane ne ya ba da shaidar, mece ce ribarsa a cikin cinikin. Amsar waɗannan ita ce za ta nuna masa ko farashin yana da tushe, ko kuwa jayayyar masu hali biyu ce a rana guda.